Muhawara a zauren dangi: shin matsakaiciyar suma ta dace da mai kamala?

Kawu: Assalamu alaikum. Akwai maganar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, kuma gara in faɗe ta a gaban kowa. A ganina matsakaiciyar suma, wato wadda ta wuce saisaye na ƙasa-ƙasa, ba ta dace da ɗan gidan mutunci ba. An san Bahaushe da aski da hula, kuma duk wanda ya dubi sahun gaba a masallacin Sultan Bello da ke nan Kaduna ranar Juma'a zai tabbatar da haka. Abin da samarinmu suke yi yanzu, na tara gashi a tsakiyar ka a kwashe gefe da ƙeya, kwaikwayon 'yan ƙwallon Turai ne, kuma na ji an ce addini ma ya hana. Auta, har da kai nake.

Malam: Wa alaikumus salam. Kawu, Allah ya ƙara girma, maganarka ta haɗa abubuwa biyu waɗanda hukuncinsu ba ɗaya ba ne. Idan tsawon gashi ake nufi, to hadisan da suka siffanta Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, sun nuna cewa yana barin gashi: Anas bin Malik ya ce yana kaiwa rabin kunnuwansa, a wasu ruwayoyin kuma ya kai fatar kunne, a wasu har ya taɓa kafaɗu. Abu Dawud ya ruwaito cewa wanda yake da gashi ya girmama shi, Imamu Malik kuma ya kawo a Muwaɗɗa labarin mutumin da ya shiga masallaci kansa da gemunsa a hargitse, aka yi masa nuni da ya fita ya gyara. Gyara aka umarce shi da shi, ba a ce ya aske ba.

Abin da aka hana shi ne ƙaza'u. Bukhari da Muslim sun ruwaito hanin daga Ibn Umar, kuma an fassara shi da aske wani sashe na kai a bar wani sashe. A ruwayar Abu Dawud an ce a aske shi duka ko a bar shi duka. Idan za mu yi adalci, zanko da tukku da iyayenmu suke bar wa yara a da sun fi kusa da wannan hanin fiye da sumar da aka daidaita ta ko'ina.

Baban Hanifa: Kawu, ka yi mini izini in yi magana a matsayin wanda aski ne sana'arsa, domin kalmar suma tana ɗaukar abubuwa da yawa. Injin aski yana da takalma masu lamba: lamba 1 tana barin kimanin milimita 3, lamba 2 milimita 6, lamba 4 milimita 13, lamba 8 kuma milimita 25. Abin da mu a shago muke kira matsakaici yana farawa ne daga lamba 4 zuwa 8, ko ya ɗan haura idan da almakashi aka daidaita. Gashinmu murɗaɗɗe ne, saboda haka tsawon da ido yake gani bai kai ainihin tsawonsa ba, wanda kuma ya ja sili ɗaya ya miƙar da shi zai ga bambancin.

Masu zuwa wurina a Kawo iri uku ne. Akwai mai son a daidaita kan bai ɗaya, akwai mai son a rage gefe a hankali ta yadda ba za a ga inda gajere ya haɗu da dogo ba, akwai kuma mai son a kwashe gefe har fata ta fito a bar tuli a sama. Na ukun ne yake ɓata wa dattawa rai, kuma ni kaina ba na son yin sa. Na biyun kuwa shi ne yake gyara siffar kai. Mai doguwar fuska idan ya tara gashi a sama sai fuskar ta ƙara tsawo, don haka nakan rage masa sama in bar masa gefe, mai zagayayyiyar fuska kuma akasin haka ake yi masa. Wanda sanƙo ya fara cinye masa goshi, gaskiyar da nake faɗa masa ita ce ya haƙura da suma, domin tsawon gashin da ya rage shi yake ƙara tona asirin wurin da ya zube.

Baffa: Ni abin da ban yarda da shi ba shi ne cewa suma baƙuwa ce a garin nan. Duk wanda ya yi aiki a masaƙun Kakuri a shekarun 1970 ya san yadda samari suke fitowa bayan an tashi, da afuro da mataji a soke a ciki, kuma hotunan lokacin hawan dabar da aka yi a Kaduna a 1977, albarkacin bikin al'adun Afirka na FESTAC, suna nan a gidaje da yawa. Akwai ma wani hoto a akwatina, wanda idan Yaya ya matsa zan ɗauko shi. Abin da ya ƙara wa gajeren aski daraja a Kaduna, a fahimtata, shi ne zamanta garin kaki: ga makarantar horon hafsoshi ta NDA tun 1964, ga barikin Jaji, ga kwalejin 'yan sanda, sannan ga makarantun kwana da ba sa barin ɗalibi ya tara gashi. Idonmu ya saba da wannan har muka ɗauka cewa shi kaɗai ne ladabi.

Kawu: Hoton ya zauna a inda yake. Abin da mutum ya yi yana ɗan shekara ashirin ba ya zama hujja, kuma ai mun bari da muka girma. Malam, na ji bayaninka a kan tsawo, amma ni zancena bai tsaya a halal da haram ba. Yaro zai je neman aiki, zai je gaishe da surukai, zai bi ta shingen jami'an tsaro a hanyar Zariya ko ta Abuja, kuma a duk wuraren nan kansa ake fara kallo kafin ya buɗe baki. Ba mu manta cewa cikin koke-koken da matasa suka yi a zanga-zangar EndSARS ta 2020 har da tsare su da ake yi saboda irin gashin kansu ba. Ban ce hakan daidai ne ba, amma uba ba zai so ɗansa ya zama wanda za a gwada a kansa ba.

Gwaggo: Yaya, ta fuskar lafiya kowane ɓangare yana da abin dubawa. Kwal-kwabo da reza a kai a kai yana daga cikin abubuwan da suke tayar da ƙurajen ƙeya ga masu murɗaɗɗen gashi, domin silin da aka yanke dab da fata yakan lanƙwashe ya koma cikinta, wurin ya kumbura, a wasu mutanen har ya zama tabo mai tauri wanda magani yake wahalar kawarwa. Mun sha ganin irin wannan a asibiti, kuma shawarar farko ita ce a daina kankare wurin. Aska ko rezar da aka yi wa wani aiki da ita tana iya ɗaukar ciwon hanta nau'in B, saboda haka a buɗe sabuwa a gabanka, injin ma a tsabtace shi. Zancen cewa yawan aski yana ƙara wa gashi kauri kuwa ba shi da tushe.

Sai dai suma tana da nata haƙƙin, kuma a nan ne samari da yawa suke gazawa. Maiƙon da fatar kai take fitarwa ba ya saurin bin murɗaɗɗen gashi har ƙarshensa, shi ya sa yake bushewa, balle a hunturu da ƙura take cika gari. Ana bukatar wanki da sabulun gashi sau ɗaya ko biyu a mako, a shafa man kaɗanya kaɗan, a taje da mataji mai faɗin haƙora tun da sauran danshi, domin tajewa a bushe karya shi take yi. Wanda ba zai iya wannan ba, ga amosani ga warin gumi, to maganar Yaya ta hau kansa. Yaran firamare kuwa ina tare da Yaya ɗari bisa ɗari, saboda a gajeren gashi ne ake saurin gane makero kafin ya bazu a aji.

Auta: Kawu, Allah ya huci zuciyarka. Nawa askin lamba 6 ce a sama, lamba 3 a gefe, kuma babu inda fata ta fito. Malam, ina so in san ko wannan ya shiga cikin abin da aka hana.

Malam: A nan ne malaman wannan zamani suka saɓa. Wasu sun tsaya a kan lafazin hadisin, suka ce askewa aka ambata, don haka rage tsawon wani wuri fiye da wani bai shiga ciki ba. Wasu kuma suka ce idan ragin ya yi yawa har kai ya rabu gida biyu a ido, to ya ɗauki siffar abin da aka hana ko da reza ba ta taɓa shi ba. Imamu Nawawi ya bayyana hanin a matsayin karhanci, amma karhanci ma abin gudu ne. Ni abin da na fi natsuwa da shi shi ne kada a ga layin da ya raba sama da gefe. Ka kuma tuna cewa a mazhabar Malikiyya shafar kai gaba ɗaya farilla ce a alwala, a wankan janaba kuma sai an tsettsefe gashi ruwa ya kai tushensa. Bayan haka, barin suma halal ne, faranta wa iyaye kuwa ya fi shi nauyi.

Kawu: To ai magana ta dawo inda nake. Idan sai an auna milimita kafin a san ko an faɗa cikin karhanci, me ya hana a daidaita kan bai ɗaya kowa ya huta?

Baban Hanifa: Abin da ya hana, Kawu, shi ne gashin gefe waje yake tohowa, na sama kuma sama yake yi. Gashi yana ƙaruwa da kimanin santimita ɗaya a wata, saboda haka kan da aka yi wa lamba iri ɗaya ko'ina, bayan mako uku za ka ga ya buɗe ta saman kunnuwa, hula ta ƙi zama, idan an cire ta kuma ta bar zobe a gashin, maiƙo ya bar nasa layin a bakin zanna bukar ɗin da aka biya kuɗin wanki da kari. Ragin lamba ɗaya ko biyu tsakanin sama da gefe shi yake sa kan ya fito daidai a ido. Na Auta ragin lamba uku ne, kuma zan iya mayar masa da shi 5 a sama da 4 a gefe. Auta, idan za ka zo ka taho da hular da ka fi sawa, domin da ita zan auna inda zan tsaya.