Shafina ya ce 9000 ya kai 25000, ina matsalar take?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wata uku ke nan ina koyon JavaScript, harshen da ake sa shafukan intanet aiki da shi, sai na ce bari in yi wa yayata ɗan shafi na shagon atamfofinta. Gurbi biyu ne: ɗaya na farashin turmi, ɗaya na kuɗin da mai saye ya bayar. Na rubuta if (kudi >= farashi) ya nuna "An biya", in ba haka ba ya nuna "Da saura". Jiya na sa farashi 25000, kuɗi 9000, sai ga "An biya" ɓaro-ɓaro. Da na sa 12000 kuma ya ce da saura. Kwana biyu ina fama, ga shi ranar Asabar Yaya take son fara aiki da shi. Don Allah a taimaka.

Amsa ta farko:
Wa alaikumus salam ƙanena. Sharaɗinka lafiya lau yake, abin da ka ba shi ne ba lamba ba. Duk abin da ka ɗauko daga gurbi da .value rubutu ne, ko da adadi aka buga. In kuwa ɓangarorin biyu rubutu ne, JavaScript harafi-harafi yake gwada su daga hagu, kamar jerin ƙamus. Ya ga 9 ya fi 2, shi ke nan ya yanke hukunci bai duba sauran ba. Na 12000 ma dace ka yi, don 1 bai kai 2 ba. Mai da su lamba tukuna, sa Number(kudi) >= Number(farashi).

Amsa ta biyu:
Gaskiya ne, amma a kula. Mutanenmu da waƙafi suke rubuta kuɗi. Number("25,000") NaN zai ba ka, wato ba lamba ba, kuma ko >= ka gwada da shi ko <=, false, wato ƙarya, za ta fito. Gurbin da aka bari fayau kuwa sifili yake komawa, wato in an manta farashi, kowa ya biya ke nan. Ka cire waƙafin, ka fara duba waɗannan biyun kafin kwatancen. Ni na taɓa yin wannan sakacin, har yau ina jin zafinsa.

Amsa ta uku:
Nan gaba in za ka duba daidaito, ka riƙe ===, don shi har nau'in ƙima yake dubawa. Da == za a ce maka "0" da false abu ɗaya ne. Alamar = guda kuwa zuba ƙima take yi, ba tambaya ba.

Mai tambaya:
Allah Ya saka da alheri. Na gyara, 9000 yanzu "Da saura" yake nunawa. Na waƙafin nake kai, don Yaya da shi take rubuta komai.