Ko Akantan Ƙaramar Hukuma Zai Iya Riƙe Kuɗin Ƙungiyar Lafiya?

Shugaban Zaure: Assalamu alaikum. Wata ƙungiyar kiwon lafiya mai zaman kanta da ke aiki a ƙauyukan masarautar Haɗejiya ta fitar da sanarwar neman jami'in kuɗi da gudanarwa. Tana son mai digiri ko babbar difloma a fannin akanta, wanda ya taɓa riƙe littattafan kuɗi, ta kuma ce takardar ICAN ko ta ANAN, wato ƙungiyoyin ƙwararrun akantoci na Najeriya, ƙarin daraja ce amma ba sharaɗi ba, sannan aikin kwantiragin shekara ɗaya ne wanda za a iya sabuntawa. Ɗaya daga cikin matasanmu, akanta a baitulmalin ƙaramar hukuma, yana son nema, sai dai Baba Tsohon Ma'aji ya ce wahalar banza ce, domin ƙungiyoyin nan ba sa lissafa aikin gwamnati a matsayin ƙwarewa. Ga fili ga mai magana.

Tsohon Ma'aji: Wa alaikumus salam. Haka na faɗa, kuma ina nan a kan bakana. Mutanen nan a tsakaninsu suke ɗaukar ma'aikata, wanda ya bar wannan ƙungiya sai ka gan shi a waccan, kuma idan takardu suka taru a gabansu, mai ICAN daga Kano ko Abuja za su fara dubawa kafin su kalli yaron da ya yi difloma a Kazaure. Ko da sun ɗauke shi, me ya samu? Zai bar aikin dindindin da tsarin fanshon jiha da ƙananan hukumomi, wanda mu da muka yi ritaya muke cin moriyarsa, domin albashin wata goma sha biyu. Wannan sakin reshe ne a kama ganye.

Malamar Asibiti: Baba, Allah ya ƙara girma, amma ina ganin ba a duba rabin sunan aikin ba, wato gudanarwa. Mu da muke asibitin karkara mun san abin da jami'in yake fama da shi. A duk damina ana raba wa yara masu wata 3 zuwa wata 59 maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro, gida-gida, zagaye bayan zagaye a kowane wata, kuma kowane zagaye yana da masu raba magani da masu sa ido da masu shela da direbobi, waɗanda kowannensu yake jiran alawus ɗinsa ta banki. A nan ne aiki yake cijewa. Wata sunan da ke takardar halartarta daban, wanda ke BVN ɗinta daban. Wani asusun yayansa ya kawo. Wani kuma ya sa hannu a rana ta farko ya dangwala yatsa a ta biyu. Motar da ta shiga ƙauye man ta ya ƙare, babu gidan mai sai 'yan bumburutu, kuma ɗan bumburutu ba ya ba da rasit. A ambaliyar 2022, lokacin da ruwa ya yanke hanyoyi a wannan yanki, jami'in da bai san ƙasar ba ko kasafin jigilar magani ba zai iya tsarawa ba. Wanda ya taso a nan, ya san masu unguwanni, ya san ranar kasuwar kowane gari, yana da abin da takardar ICAN ba ta bayarwa.

Malamin Makaranta: Hajiya, duk wannan gaskiya ne, amma wa zai karanta takardar yaron idan ba shi da uwa a gindin murhu? Sau da yawa an riga an san wanda za a ba kafin a buga sanarwar.

Jami'in Ƙungiya: Malam, ba zan rantse cewa hakan ba ya faruwa ba, amma a kujerar kuɗi ya fi wuya, saboda masu ba da tallafi suna turo oditoci su duba har da takardun ɗaukar ma'aikaci, kuma duk kuɗin da aka kashe ba bisa ƙa'ida ba, ƙungiyar ce za ta mayar daga aljihunta. Babu shugaban da zai so ɗan'uwansa ya jawo masa wannan. Inda na yarda da Baba shi ne cewa masu tantancewa suna ɗari-ɗari da wanda ya fito daga gwamnati, kuma suna da dalili. A wasu ofisoshin an saba da cewa idan shugaba ya ba da umarni sai a fitar da kuɗi, takarda ta biyo baya. A ƙungiya takarda ce gaba: wanda ya nemi kuɗi daban, wanda ya amince daban, wanda ya biya daban, kuma sayayyar da ta wuce wani adadi sai an karɓi farashi daga 'yan kasuwa uku an gwada. Kuɗin da aka ware wa horar da ungozomomi ba a taɓa shi don gyaran janareta sai da izinin mai tallafi a rubuce, ko da kuwa firijin allurar rigakafi ne zai mutu. Saboda haka, ƙanena, kada ka rubuta cewa ka yi shekaru a baitulmali ka tsaya nan. Ka faɗi abin da hannunka ya yi: daidaita littafin kuɗi da bayanin banki a ƙarshen wata, shirya takardar albashi, cire harajin albashi da kai shi hukumar tara kuɗin shiga bai wuce ranar 10 ga watan da ke biye ba, bin ma'aikatan da suka karɓi kuɗin aiki har su kawo rasit, da amsa tambayoyin oditoci. Ka san cewa dokar fansho ta 2014 ta ɗora kashi 8 cikin 100 a kan ma'aikaci, kashi 10 a kan mai aiki, domin irin tambayar da ake jefowa ke nan. Kafin ganawa kuma akan zaunar da mutum gaban kwamfuta a ba shi lissafi a Excel, kuma a nan ne da yawa suke faɗuwa, har da masu manyan takardu.

Mai Neman Aikin: Na gode, Yaya. Duk abubuwan da aka lissafa ina yin su, in ban da manhajar lissafin kuɗi ta QuickBooks da sanarwar ta ambata, wadda ban taɓa aiki da ita ba. Shin in ambaci hakan, ko in yi shiru?

Jami'in Ƙungiya: Kada ka rubuta cewa ka iya ta, domin za a gwada ka. Ka fara koyonta yanzu, ka faɗi matakin da ka kai. Mai sanin ƙa'idar akanta ba ta yi masa wuya. Sannan duk wanda ya ce ka biya kuɗin fom ko na ganawa, ɗan damfara ne.

Tsohon Ma'aji: To, na ji cewa za a iya ɗaukarsa, ko da yake ban ga alamar hakan da idona ba tukuna. Amma babu wanda ya taɓa maganata ta biyu. A watan Janairun 2025 gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin da take bai wa ƙasashen waje, a tsakiyar shekarar kuma aka rufe hukumarta ta ba da tallafi, wato USAID, ma'aikatan ƙungiyoyi da yawa a ƙasar nan suka wayi gari babu aiki, ba don sun yi laifi ba. Yaron nan yana da iyali da iyaye. Wa zai riƙe su idan wani ya sa hannu a takarda a wata ƙasa?

Malamar Asibiti: Wannan kam ba ni da ja, Baba, domin mun ga ayyukan da suka tsaya cak a lokacin. Sai dai nema daban, ajiye aiki daban. Ya aika takardunsa, idan an kira shi ganawa ya tambaye su kai tsaye wane ne yake ɗaukar nauyin wannan kujera, yaushe tallafin zai ƙare, kuma ko ƙungiyar tana da mai tallafi fiye da ɗaya.

Tsohon Ma'aji: Kuma kafin ya sa hannu a kowace takarda, ya je hukumar kula da ma'aikatan ƙananan hukumomi a Dutse ya bincika ko za a ba shi hutun da babu albashi na shekara guda. Idan sun amince a rubuce, ni da kaina zan duba masa takardar neman aikin. Idan sun ƙi, ɗana, shawarata ba ta canza ba.