Neman kalma: me za a kira ɗauko wasan dandamali a kai shi talabijin?

Mai tambaya:

Assalamu alaikum, malamaina da 'yan'uwa. Ina rubuta wani ɗan bayani kan tarihin wasan kwaikwayo a talabijin domin ɗaliban sakandare, sai wata kalmar Turanci, wato "adaptation", ta hana ni ci gaba. Ga abin da nake son bayyanawa. Ranar Litinin, 14 ga Yulin 1930, BBC da kamfanin John Logie Baird, ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙirƙiro talabijin, suka haɗa hannu a Landan suka nuna wasan marubucin nan na Italiya, Luigi Pirandello, wanda sunansa da Hausa zai zama Mutumin da ke da Fure a Bakinsa. Shi ne wasan kwaikwayo na farko da aka nuna a talabijin a Birtaniya, kuma har Firayim Minista Ramsay MacDonald ya kalle shi a gidan gwamnati. Asalinsa wasan dandamali ne mai mutum uku: wani matafiyi da jirgin ƙasa ya tafi ya bari, da wani baƙo da ya zauna yana jan sa da hira a shagon shan gahawa cikin dare, da matar baƙon da ke leƙensa daga nesa ba ta cewa uffan. Furen da ake magana a kai ciwon daji ne da ya fito wa baƙon a leɓe. Na fara rubuta cewa an fassara wasan zuwa talabijin, amma da na sake karantawa sai na ji jimlar ba ta zauna ba. Na duba na'urar fassara ta intanet, ta ba ni "daidaitawa", wadda ta fi kama da aikin mai sulhu ko mai gyaran sikeli. Ina neman taimako.

Malamin adabi:

Wa alaikumus salam. Ɗana, kunnenka bai yaudare ka ba, kuma wannan wasa da ka ɗauko ya isa ya raba mana gardamar fassara, domin sau uku aka ɗaga shi daga wuri zuwa wuri. Da farko gajeren labari ne da Pirandello ya rubuta, sannan shi da kansa ya mayar da shi wasan dandamali a farkon shekarun 1920, kuma duka biyun da harshen Italiyanci ne. Bayan nan aka juyar da shi zuwa Turanci, wannan kam fassara ce ba tantama. Sai kuma na ukun, inda aka ɗauke shi daga dandamali aka kai shi gaban na'urar Baird, harshe bai canja ba, amma kusan komai ya canja. Idan muka kira duk ukun fassara, mun bar ɗalibi cikin duhu game da biyu daga ciki.

Ka dubi abin da aka yi a ranar. Hoton talabijin na lokacin layuka 30 kacal ne, siriri ne mai tsawo, ba ya ɗaukar fiye da kan mutum ɗaya da kafaɗunsa, kuma na'urar ɗaukar hoton a kafe take, ba a juya ta. Saboda haka idan ɗan wasa ya gama maganarsa, sai a zuro wani allo mai zane irin na dara a rufe gaban na'urar, ya tashi, na biyu ya zauna a gurbinsa, a janye allon. Hirar da a dandamali mutum biyu ke yi suna kallon juna, a nan ta koma fuska ɗaya bayan ɗaya. Abin da ya sa ma aka zaɓi wasan ke nan: gajere ne, kusan rabin awa, wuri ɗaya, mutane kaɗan. Wannan aiki na Val Gielgud da Lance Sieveking, waɗanda suka shirya wasan domin talabijin, shi muke nema wa suna. Mu a jami'a mun daɗe muna cewa "baddalawa", daga Larabci, kuma ɗalibai sun yi ta rubuta kundaye da ita a kan littattafan Hausa da aka mayar fim. Shawarata ka ce an baddala wasan zuwa talabijin.

Tsohuwar ma'aikaciyar rediyo:

Allah ya gafarta Malam, ba na jayayya da cewa kalmar tana cikin kundaye, amma ina da ja a kan kai ta aji na sakandare. Inda talaka ya fi jin "baddala" shi ne wurin wa'azi, lokacin da ake maganar waɗanda suka baddala littattafan da aka saukar musu, wato suka taɓa nassi suka gurɓata shi. Yaron da ya tashi da wannan ma'ana, in ya karanta cewa BBC ta baddala wasan Pirandello, zai ɗauka laifi ake faɗa. A shekarun da na yi ina aiki, abin da muke cewa a ɗakin shirye-shirye shi ne "an mayar da littafin wasan rediyo", kuma ban taɓa jin mai sauraro ya rubuto yana neman ƙarin bayani ba. Matsalar "mayarwa" ɗaya ce, tana aiki a cikin jimla amma ba ta iya tsayawa ita kaɗai a matsayin suna, domin in ka ce "wannan mayarwa ce", za a tambaye ka abin da aka ara.

Kafin wani ya kawo su, bari in kore guda biyu. "Juyi" ba za ta yi ba, saboda a wurin masu rubutun allo da masu kaset, juya abu shi ne kwafe shi yadda yake ba ragi ba ƙari. "Wankiya" kuwa, da 'yan fim ɗin Kano ke faɗa idan an ɗauko labarin Indiya an sa masa riga da hula, kalmar zargi ce, tana nufin an ɗauka ba a faɗi mai shi ba. Su mutanen 1930 da sunan Pirandello suka yi tallar abinsu.

Mai tambaya:

Na gode, Hajiya. Akwai wani abin da ya ƙara rikita ni, wataƙila ya taimaka wajen gane iyakar kalmar. Bayan BBC ta buɗe tashar talabijin ta dindindin a Alexandra Palace a Nuwamban 1936, ta riƙa nuna wasannin dandamali ta hanya biyu. A Fabrairun 1938 an ɗauki R.U.R. na Karel Čapek, wasan da ya ba duniya kalmar "robot", aka datse shi ya koma minti 35, aka shirya shi a ɗakin tashar. A Janairun 1939 kuma sai aka kwashi kyamarori aka kai gidan wasa na Phoenix, aka watsa Twelfth Night na Shakespeare kai tsaye yayin da ake yin sa a dandamali, wasan da marigayi Ibrahim Yaro Yahaya ya kawo Hausa da sunan Daren Sha Biyu. Shin kalma ɗaya za ta ɗauki duka biyun?

Malamin adabi:

A'a, kada ka haɗa su. Na gidan wasan Phoenix watsawa ce kai tsaye, kamar yadda ake nuna hawan sallah ko wasan ƙwallo, domin wasan bai san da kyamara ba, ita ce ta zo ta same shi. Wanda ke bukatar sabuwar kalma shi ne irin na 1930 da na 1938, inda aka zauna aka yanke, aka sake tsara shiga da fita, aka auna kowace magana da girman allon talabijin.

Hajiya, na karɓi gyaranki a kan "baddala", ko da yake ba zan iya fitar da ita daga jami'a ba, kuma ba na jin akwai bukatar haka. Maganarki ta sa na kwana ina tunani, sai na tuna da masu zubin tukwane a kasuwa, waɗanda ke tara tsofaffin kayan sanholo su narkar, su zuba a wani sabon ƙira, ƙarfen na nan yadda yake amma siffa ta zama wata. A nazarin adabi ma muna da "zubi da tsari", wato yadda aka gina labari ko waƙa, don haka kalmar ba baƙuwa ba ce ga ɗalibin Hausa. Me zai hana mu ce "sabon zubi"? Ku gwada ta da namu na gida. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa ƙagaggen labari ne, Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka yi masa sabon zubi ya zama wasan dandamali, sannan Adamu Halilu ya yi masa wani sabon zubin ya zama fim a 1976. Jimlar ta tafi ba tuntuɓe, kuma ba wanda zai ji an zargi kowa.

Tsohuwar ma'aikaciyar rediyo:

Wannan ta fi kwanta mini, Malam, musamman da yake ana iya jingina ta: zubin talabijin, zubin rediyo, zubin fim, zubin dandamali. Sai dai a kiyaye abu biyu. Kada a ce "sake zubi", domin wannan na nuna na farkon ya lalace ne aka maimaita. Na biyu, mu mata in muka ji "zubi" tsirararta, adashe ne ke fara zuwa mana a rai, saboda haka a farkon ambato dole a haɗa ta da sunan wasan da kuma inda aka kai shi. Ban da haka, ina ganin wanda ya yi aikin a ce masa "mai sabon zubi" ya yi nauyi a baki. Gara a rubuta "zubin talabijin daga wane" a jerin sunayen ƙarshen shiri.

Mai tambaya:

Allah ya saka wa Malam da Hajiya da alheri. Ga yadda na gyara sakin layin, a duba mini: "A ranar 14 ga Yulin 1930 aka nuna zubin talabijin na wasan Pirandello a Landan. Ba a naɗi shirin ba, domin kai tsaye aka yi shi, amma a 1967 wasu sun sake shirya shi da na'ura mai layuka 30 don a ga yadda ya kasance." A ƙasan shafi zan sa bayani cewa masana a jami'a na kiran wannan aiki baddalawa, saboda ɗalibin da zai ci gaba da karatu kada ya je ya ji kalmar ta zame masa sabuwa.

Malamin adabi:

Ya yi, ɗana. Gyara ɗaya kawai: ka sa "sabon zubi" sau ɗaya a jimlar da ta gabaci wannan, inda kake bayanin cewa asalinsa wasan dandamali ne, kafin ka gajarta ta zuwa "zubin talabijin". Shi kuma na 1967 ka bar shi a "sake shiryawa" yadda ka rubuta, tun da ba su canja masa mazubi ba, kwaikwayon na 1930 suka yi.