Baƙin tsuntsaye sun fara haramar komawa, wa ya ga me a bazarar nan?

Ɗan Fadama:
Salam jama'a. Toh ni dai bana abin ya zo min da wuri. Ranar Asabar na shiga kwalekwale ta wajen Dagona, a fadamar Haɗeja da Nguru, tun da duku-duku kamar yadda na saba, wurin da a watan Janairu idan agwagin nan na Turai suka tashi sai ka rantse hadari ne ya haɗo, yanzu kuwa fayau, sai kirinjijiya da dinya 'yan gida ke ta shawaginsu. Gargani, wannan ƙaramar agwagwar da namijinta ke da farin layi a saman ido kamar an ja masa alli, da kyar na ƙirga talatin da 'yan kai. Raf-raf, tsuntsayen bakin ruwan nan da ke kiwo a kan karan shinkafa, su ma mazan sun ragu sosai, dama su ke fara yin gaba su bar matan a baya. Kowa ya faɗo abin da ya gani a inda yake, amma don Allah da wuri da kwanan wata da adadi, kar a zo mana da "na ga tsuntsaye da yawa".

Maman Biyu:
Wa'alaikumus salam Yaya. Mu nan dajin Amurum kusa da Jos akasin naku ne, yanzu ma kasuwar ke ci. Ƙananan nan masu cin ƙwari da 'ya'yan itace sun cika ko'ina suna ta ɗura. Na samu an bar ni na tsaya wajen masu sa wa tsuntsaye zoben shaida a ƙafa na cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI da safe, kuma wallahi abin da na gani da idona ya fi duk karatun da na yi. An ciro wata 'yar mitsitsiya daga raga, Sylvia borin suke ce mata, ba ta da wani ado ko kaɗan, ruwan ƙasa kawai, mai riƙe da ita ya kwantar da ita a tafin hannu ya hura mata iska a ciki, gashin ya buɗe, sai ga kitse rawaya ƙarƙashin fata ya cika ramin wuyanta har ya taso kamar an shafa man shanu. Daga nan aka zura ta cikin wani ɗan bututu kai ƙasa ƙafa sama aka ɗora a sikeli, ta yi tsit abinta. Tsuntsuwar da a ka'ida ba ta wuce giram 18 zuwa 20 ba, kafin ta tunkari Sahara tana iya haura giram 30. Wato kitsen nan shi ne man tankinta, don tsakanin nan da gaɓar Bahar Rum akwai hamada mai faɗin kilomita 1,500 zuwa 2,000 da babu gidan mai a hanya.

Da aka sake ta ko waiwaye ba ta yi ba, ta faɗa cikin duhuwar lantana ta ci gaba da cin abinta.

Injiniya Ba Digiri:
Ni ina Istanbul karatu, kuma a nan ne na gane waɗanda kuke ban kwana da su mu muke tarbarsu. Tsakiyar Maris wani abokina ya ja ni kan tudun Sarıyer, ni da na ɗauka ɓata lokaci ne, wajen ƙarfe sha ɗaya da rana ta ɗan yi zafi sai ga fararen shamuwa, irin manyan nan masu jan baki da jan ƙafa, sun taso daga ɓangaren Asiya ɗari bisa ɗari, ba sa ko kaɗa fiffike, juyi kawai suke cikin iska mai ɗumi suna hawa sama kamar guguwa a hankali, in sun kai ƙololuwa sai su miƙe su zarce Turai. Abokin nawa ya ce dalilin da ya sa suke matsuwa ta nan shi ne teku ba ya ba da irin wannan iskar mai tashi, shi ya sa suke neman inda ruwa ya fi tsukewa, ko Bosforus ko mashigin Jibralta mai kilomita 14 kacal. Na yi ƙoƙarin ƙirgawa na rikice a ɗari huɗu da wani abu. Wuyana kwana biyu yana ciwo.

Sabon Shiga:
Manya ku gafarce ni, ni ban daɗe da farawa ba amma ina ga na yi babban kamu. Jiya da yamma a bakin wani tafki ta hanyar Gashuwa na ga wani tsuntsu shi kaɗai, dogayen ƙafafu, ruwan ƙasa mai zane-zane, baki dogo ya lanƙwasa ƙasa kamar lauje. Na ɗauka da waya na sa a manhaja ta ce min Numenius tenuirostris ne, da na bincika na ga ai wai nemansa ake ruwa a jallo a duniya!! Ina zan kai rahoto? Hannuna har rawa yake.

Tsohon Malami:
Ɗana, sannu da ƙoƙari, kuma ka zauna ka sha ruwa tukuna. Tsuntsun da manhajar ta ambata, ganin ƙarshe da kowa ya yarda da shi a Merja Zerga ne ta ƙasar Maroko, Fabrairun 1995. An shekara kusan talatin ana bin tafkuna daga Sibiriya har Arewacin Afirka ana nemansa, a 2024 masana suka fitar da cewa ya ƙare. Ban ce Allah ba zai iya ba, amma kafin mu je can sai mun kori 'yan uwansa biyu da ke raye kuma suke zuwa Afirka ta Yamma kowace shekara. Akwai babban, arquata, bakinsa dogo ne ƙwarai kuma kansa babu layi. Akwai matsakaicin, phaeopus, wanda ke da baƙaƙen layi biyu a ƙoƙon kai da fari a tsakiya, in ya tashi yana yin fito a jere kamar sau bakwai. To ka ga saman kansa? Ka ji kukansa? Girmansa fa, in ka gwada da zakaran kekuwa da ke kusa? Haƙarƙarinsa zane ne ko ɗigo-ɗigo?

Ita manhaja duk abin da ka ba ta sai ta ba ka suna, ba ta iya cewa ban sani ba. Na taɓa gwada ta da hoton tsumma a kan ƙaya ta ce min mujiya ce.

Sabon Shiga:
Baba gaskiya ban duba kai ba, bakin kawai na kalla. Hoton ma daga nesa ne, na zuƙo shi har ya farfashe. Amma fa ni na san na ga abin da ban taɓa gani ba.

Tsohon Malami:
Wannan kam na yarda, kuma ba ƙaramin abu ba ne. Su biyun da na faɗa maka sun fi son bakin teku, ganinsu a tafkin cikin ƙasa irin naka abin rubutawa ne. Ka koma gobe da littafi. Kafin ka taɓa waya ka zana shi ko da zanen 'yan firamare ne, ka rubuta lokaci, nisa, inda rana take, da abin da yake yi. Duk wanda zai tantance rahoton baƙon tsuntsu waɗannan zai tambaye ka, ba zai tambayi yadda hannunka ya yi rawa ba.

Hajiyar Lissafi:
Baba ka yi masa a hankali kar ya gudu, haha. Ni nawa labarin zobe ne. Bara war haka bayan wata iska mai ƙura da aka yi kwana biyu, yaran makarantar da nake koyarwa suka kawo min tsattsewa matacciya, irin mai jan maƙogwaro da wutsiya mai reshe biyu, wai "Malama ga tsuntsu mai agogo". Zobe ne na ƙarfe a ƙafarta, ƙanƙani, sai da na sa gilashi na juya shi a haske sannan na iya karanta lambobin da kalmar London. Nan fa gardama ta kaure a ofis, wani abokin aikinmu ya dage wai na'urar leƙen asiri ce a kai wa hukuma, na ce masa wane leƙen asiri a jikin abin da bai fi giram 20 ba, ko batir babu. Ban ga laifinsa sosai ba, a Masar ma a 2013 an tsare wata shamuwa a ofishin 'yan sanda saboda na'urar bin sawu da masu bincike na Hungari suka ɗaura mata. Na dai tura lambar ta intanet, bayan 'yan makonni aka amso min cewa a Ingila aka sa mata tun tana cikin sheƙa. Na karanta wa 'yan aji, muka buɗe taswira muka auna da zare. Wani yaro ya ce "Malama ita ba ta da fasfo?"

Abin da ya tsaya min shi ne, tun 1899 wani malamin makaranta ɗan Denmak, Mortensen, ya fara wannan sa zoben, kuma a 1912 aka tsinci tsattsewar Ingila ta farko a Natal can Afirka ta Kudu, amma har yau tsarin bai wuce wani ya tsinta ya damu ya aika ba. Da yaran nan sun jefar da ita shi ke nan, an yi asarar labarin.

Direban Sahara:
Ni ba ɗan boko ba ne irinku, mota nake ja tsakanin Agadas da Dirku, amma abin da kuke lissafawa a takarda ni a ƙarƙashin motata nake ganinsa. Watan Afrilu in muka tsaya da rana tsaka, kafin injin ya huce za ka ga ƙananan tsuntsaye sun sauko daga inda ba ka sani ba sun shige inuwar taya, baki buɗe, fiffike a sake. Akwai mai rawayan ciki da ke kaɗa wutsiya, akwai tsattsewa, har alhudahuda na taɓa gani. Wata ta taɓa sauka a kan takalmina tana kallona, ko motsi ban yi ba har ƙafata ta yi sanyi. Ina zuba musu ruwa a murfin jarka, wasu su sha wasu ko kallo. In iskar arewa ta taso kuwa washegari gawarsu za ka gani a gindin duwatsu, ka ɗaga ka ji kamar takarda, ƙashin ƙirji ya fito kamar wuƙa.

Maman Biyu:
Allah sarki. Malam Direba wannan ƙashin ƙirjin da ka faɗa shi ne in kitse ya ƙare sai jiki ya koma cin naman fiffike. Kuma don Allah ka riƙa rubuta rana da wuri, ko a bayan rasit ne, inda kake bi ba kowa ke zuwa ba. Mu da muke gefen hamadar sai dai mu yi hasashe. Su masu ɗaura na'ura sun gano wasu ƙananan da ba sa sauka, in gari ya waye musu a tsakiyar Sahara sai su haura sama da mita 5,000 su ci gaba, naka su ne waɗanda suka zaɓi sauka ko kuma ƙarfi ya ƙare musu.

Ɗan Fadama:
Na dawo kan maganar Baba. Ni abin da ke damuna kowa so yake ya ga wanda ba a taɓa gani ba, alhali na kullum ɗin ne ke zamewa a hannunmu ba mu lura ba. A 1969 Turawan Ingila sun wayi gari ƙaramar tsuntsuwar nan mai farin maƙogwaro, Sylvia communis, sama da kashi biyu cikin uku ba su dawo ba, aka yi ta neman dalili ashe farin da aka yi a Sahel ne ya cinye su. Sun gane ne don suna da ƙirgen shekarun baya. Mu fa? Tun da aka gina dam ɗin Tiga a 1974 da na Challawa a 1992 ambaliyar fadamar Haɗeja da Nguru ta canja, ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa, wurin da nake shiga da kwalekwale ina saurayi yanzu sai da adda, dattawa na cewa agwagi sun ragu, ni ma na ce sun ragu, amma in aka ce da nawa sai mu kama sosa ƙeya. Shi ya sa na shiga aikin taswirar tsuntsayen Najeriya, an raba ƙasar murabba'i-murabba'i, kowane gefensa kusan kilomita 9 ne, ka shiga ka yi aƙalla awa biyu ka rubuta duk abin da ka gani har balbela da hankaka. Ba daɗi kamar farautar baƙo, na sani.

Injiniya Ba Digiri:
Yaya kar ka kashe mana daɗin gaba ɗaya mana. Ai baƙo ɗaya ma yana buɗe ido. A 1822 a Jamus aka harbo farar shamuwa da mashin Afirka soke a wuyanta, ta tashi da shi tun daga can har gida, a lokacin wasu masana na cewa tsuntsaye ƙarƙashin ruwa suke kwanciya da sanyi. Tana nan a Jami'ar Rostock har yau da mashin nata.

Tsohon Malami:
Ita ai ta zo da shedarta a wuya, ɗana.

Hajiyar Lissafi:
Af, na manta, namu masu shigowa fa? Shekaranjiya da la'asar na ga shamuwa shida, baƙaƙen nan namu masu farin ciki, suna kewaya tsamiyar da suka yi sheƙa bara. Su daga kudancin Afirka suke tahowa, ana fita ana shiga kenan. Bara sai ƙarshen Afrilu na fara ganinsu, bana sun riga da kusan mako guda, na rubuta.

Sabon Shiga:
Baba na koma. Ƙarfe shida da kwata ina bakin tafkin, rana a bayana kamar yadda ka ce. Na jira har tara bai zo ba, wani mai kamun kifi ya ce tun jiya da magariba ya ga ya tashi ya yi arewa yana fito. Na tambaye shi sau nawa ya yi fiton ya kalle ni kamar na zare. Don kar na dawo hannu rabbana na ƙirga masu rawayan cikin nan da Malam Direba ya faɗa, suna bin garken shanu a gefen ruwa, 43 na samu, na sake ƙirgawa na samu 41. Kawunansu ma ba iri ɗaya ba ne, wasu toka-toka da farin gira, guda biyu baƙi ƙirin kamar sun sa hula. Wanne zan rubuta, 41 ko 43?

Tsohon Malami:
Rubuta 41. Su masu baƙar hular ka ware musu layinsu daban, irin na yankin Balkan da Turkiyya ne, wata ƙila nan da sati uku su wuce ta kan Injiniya. Ranar Asabar ka sake komawa daidai wannan lokacin.