Hatsarin Cavalese: laifin matuƙi ne ko na taswira?

Abban Khadija: Jama'a ni fa har gobe ban yarda a kira abin nan tsautsayi ba. Ran 3 ga Fabrairu 1998 jirgin sojan Amurka ya tashi daga sansanin Aviano a Italiya wai atisaye, ya dinga yin ƙasa-ƙasa cikin kwari kusa da garin Cavalese har ya tsinke wayar ƙarfen da ke riƙe keken nan mai kai masu wasan ƙanƙara saman dutse, keken ya rikito, mutum 20 da ke ciki ko ɗaya bai yi rai ba. Ganganci ne kawai.

Ɗan Zariya: Haba yallaɓai a dai yi adalci. Taswirar da aka ba su babu wayar a jiki, kuma mutum yana gudun sama da kilomita 800 a awa ina zai hango waya? Ko wayar lantarki haka take yi wa matuƙa helikwafta, turakun ake gani, ita wayar sai an zo kanta.

Abban Khadija: To me ya kai shi wurin? Doka ta ce kar a sauko ƙasa da ƙafa 2000, shi kuwa a wajen ƙafa 360 ya yanke ta.

Ɗan Zariya: Ai matuƙin, Richard Ashby, cewa ya yi shi ƙafa 1000 ya sani, kuma na'urar auna nisa daga ƙasa ta ba shi matsala. Kotun soja ma ta wanke shi a Maris 1999.

Maman Ummi: Kotun su wa, Malam? Italiya ta so ta yi shari'ar aka ce yarjejeniyar NATO ta ba Amurka hurumi, aka kwashe su sai Camp Lejeune, wani sansanin soja a can Amurka. Ni abin da ya tsaya min ma kaset ɗin bidiyon da suka ɗauka a cikin jirgin, abokin tuƙinsa Schweitzer ya ƙone shi. Mai gaskiya yana ƙona shaida?

Ɗan Zariya: Hajiya nan kam ba ni da bakin magana, a kan kaset ɗin aka kore su daga soja, Ashby har ɗaurin wata shida aka yanke masa. Amma ɓoye shaida daban, kisa da gangan daban.

Abban Khadija: Wa ya ce da gangan? Ganganci na ce. Mu ma bar shi a 1000 ɗin nasa, 360 ko rabinta ta kai?