Sienna ta ƙi shiga gidanmu, ina neman shawara

Assalamu alaikum 'yan uwa. Abin nan ya ɗaure min kai.

Mu takwas ne a gida: ni da maiɗakina, yara biyar, sai Hajiya mahaifiyata da ƙafa ke damunta. Corolla ta yi mana kaɗan, sai na sayar na ɗauko Toyota Sienna ta hannu mai kujera takwas. Ciki kam ba magana, ƙofar da ake ja gefe ma ta sauƙaƙa wa Hajiya hawa.

Matsalar lungunmu ne a Gwammaja, cikin Kano. Tsawon motar ya haura mita 5, faɗinta ya kusa mita 2. Kafin in karya kwanar get sai na yi gaba da baya sau huɗu, ga kwata a gefe. Jiya har na goge katangar maƙwabci, kunya kamar in nutse. Yanzu a bakin titi take kwana, ina biyan maigadi. Ga injin V6, babban inji mai shan mai, tun da aka cire tallafin mai a 2023 ba a wasa da shi.

In faɗaɗa get ɗin ne, ko in koma Volkswagen Sharan mai kujera bakwai, auta ya zauna a cinya? Wanda ya taɓa riƙe Sharan, kayan gyaranta suna samuwa a kasuwar Ƙofar Ruwa?