Abin da kafintoci suka ce kan tsohon sitiyarin jirgin ruwa

Wani maƙwabcinmu a Kaduna ya gaji sitiyarin jirgin ruwa na katako, ya dushe, biyu daga cikin ƙafafunsa, wato sandunan da suka fito daga tsakiyarsa, suna girgiɗi. Ya kai shi Panteka, kasuwar masu ƙere-ƙere, kafintoci suka taru a kansa, kowa da tasa.

Abin da kowa ya yarda da shi: kafin a kwance, a sa wa kowace ƙafa lamba da fensir, domin aikin hannu ne, ba lalle ƙafar wannan rami ta shiga wancan ba. A kankare tsohon banish a hankali, sannan a bi da samfefa mai lamba 120, a ƙarasa da 220, ana bin tsayin katakon. Wani dattijo ya hana a sa inji. Ya ce, “Yaro, inji zai cinye maka sassaƙar nan kafin ka ƙifta ido.”

Gardama ta tashi a kan abin da za a shafa wa katakon: mai ko banish. Masu son mai sun ce gyaransa ba wuya, amma sai an riƙa sake shafawa. Ni dai na fi karkata ga banish na jirgin ruwa, shafi shida ko fiye, na farko a tsinka shi da tina don katako ya sha.

Sai maganar hunturu: ƙura na manne wa ɗanyen banish, don haka a rufe ɗaki, a yayyafa ruwa a ƙasa. Tagullar tsakiya kuwa, lemon tsami da gishiri sun isa, a ɗauraye a goge ta bushe.